Gidan sarkin Kochi da na gani, ko dai ba can aka kai ni ba?

Mai Jinya a Kerala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga duk wanda ya taɓa zama a kudancin Indiya ko ya karanci tarihinsu, amma ku yi haƙuri in fara da abin da ya kawo ni.

Yau sati biyar ke nan ina Kochi, a jihar Kerala. Mahaifinmu na kawo, aka yi masa aikin gwiwa. Alhamdu lillahi an yi a sa'a, abin da ya rage gashi ne da koyon taka ƙafa safe da yamma. Duk wanda ya taɓa jinya a garin da ba ya jin yarensu ya san yadda wuni ke tsawo. Daga hantsi zuwa la'asar ba ka da aiki sai kallon silin da lissafin abin da ya rage a aljihu. Baba da kansa ya kore ni. Ya ce na tsare shi kamar kaza a kan ƙwai, in tashi in ga gari in zo in ba shi labari.

Na tambayi wata nas inda ya kamata baƙo ya leƙa, ta juya takardar magani ta rubuta mini suna biyu a baya: Fort Kochi da Dutch Palace, wato fadar Holan. Ta ce na biyun gidan sarakunansu ne na dā, yana unguwar Mattancherry, kuma kada in ɓarnatar da kuɗi a tasi, in hau jirgin fito daga Ernakulam, ɓangaren birnin da ke ɗaya tsallaken ruwan. Gaskiyarta. Kuɗin jirgin bai kai na shayi da burodi ba, cikin kamar minti ashirin ka tsallake, iska na kaɗa ka, kana wuce manyan jiragen dakon kaya. Zuwan farko ban taki sa'a ba. Juma'a na zaɓa bayan an sauko daga masallaci, na tarar da ƙofa a garƙame, ashe ranar ce hutunsu. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauko ni daga bakin ruwa ya sani sarai, bai ce uffan ba sai da muka iso, sannan ya ce ai ba a yi asara ba, akwai shagon kayan ƙamshi na ɗan'uwansa nan kusa. Na ce ashe halin ɗaya ne ko'ina.

Ran Litinin na koma. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a gidan kallo, in aka ce gidan sarkinsu, abin da ke faɗo mana a rai farin marmara ne da ƙubbobi da matakala ɗari da giwaye a bakin ƙofa. Abin da na tarar kuwa, wallahi ba don allon da aka kafa ba da na wuce shi. Bene ne mai hawa ɗaya, farin bango da ruwan sama ya yi wa zirin baƙi, rufinsa na jan gasasshen yumɓu mai gangara. In kun san tsofaffin ofisoshin En'e, to kusan haka. Matakala ce daga waje take kai ka sama.

Ciki ya fi waje, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Silin na katako ne da aka sassaƙa fure-fure a jere, a ɗakin kwanan sarki ya yi ƙasa har ina jin in na miƙa hannu zan taɓa shi. Bangon ɗakin babu masaka tsinke, zane ne ja da ruwan ɗorawa da kore na Ramayana, tsohon labarin mabiya addinin Hindu: ga mai kai goma, ga rundunar birai, ga masu harbi da baka. Zanen sun fi arba'in, an kuma hana ɗaukar su hoto. Mai gadi na zaune a kujerar roba, ba ya kallon fuskar kowa, hannuwan mutane kawai yake bi da ido. Akwai hotunan sarakunan da aka yi tun daga 1864, da laimomin sarauta, da takubba, da irin akwatin nan da sarki ke zama a ciki ƙarti su ɗauka a kafaɗa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daɓen ƙasa ne. Baƙi wuluk, sumul, na durƙusa na shafa na ji sanyi, na rantse dutse ne. Mai gadin ya ce a'a. Ɓawon kwakwa aka ƙona, aka haɗa da gawayi da farar ƙasa da ruwan wasu itatuwa da farin ƙwai. Nan take na tuna daɓen ɗakin kakarmu da makubar da ake kwarara masa.

Ga tambayoyin. Allon ya ce Turawan Fotugal suka gina shi wajen 1555 suka ba sarki Veera Kerala Varma kyauta. To in Fotugal ta gina, sarkin Kochi ya zauna, me ya kawo sunan Holan? Sannan wane irin sarki ne baƙo ɗan kasuwa zai gina wa gida? Mu dai Gidan Rumfa, Rumfa ya gina abinsa da maginan gari. Na ƙarshe, wannan ne iyakar gidan, ko akwai babba a wani wuri nas ɗin ta tura ni ƙaramin? Baba ya yi mini tambayoyin nan na kasa amsawa, ya ce na kashe kuɗin jirgi na dawo masa da labarin daɓe.

Ɗan Sabon Titi ya rubuta:

Hhhh, Malam sannu da jinya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Fim ya cuce mu gaba ɗaya. Waɗancan gidajen da ke ranka na arewacinsu ne, su Jaipur da Udaipur a Rajasthan, inda ƙasa ke bushe kamar tamu. Kerala ruwa ake tsugawa daga Yuni zuwa Satumba, ya ɗan numfasa ya dawo a Oktoba. Wa zai yi soro mai shimfiɗaɗɗen rufi a can? Dole katako da gangara. Ni Chennai na tsaya, sauran tambayoyin sai masu ilimi sun iso. Amma mai a-daidaita-sahun nan, ka tabbata ba daga Ƙofar Wambai ya yi ƙaura ba?

Malam Na Bakin Teku ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da ladan jinya, ya tashi kafaɗun Baba. Na yi shekara uku ina karatu a garin nan, duk baƙon da ya zo mini gidan nan nake kai shi, kuma kusan kowa irin fuskar da ka yi yake yi. Ba a ɓatar da kai ba, shi ne.

Sarkin Kochi ba babban sarki ba ne lokacin da Turawa suka iso. Mai faɗa a ji a wannan gaɓar shi ne sarkin Calicut, wanda ake yi wa laƙabi da Samudiri, Turawa suka mai da shi Zamorin. Ita kanta tashar Kochi ba ta daɗe ba a lokacin. Ambaliyar kogin Periyar ta 1341 ce ta cike tsohuwar tashar Muziris da laka, ta buɗe bakin ruwan nan da ka ratsa a jirgin fito. Gidan sarautar ma tura ce ta Samudiri ta gangaro da su kudu, kuma ko da suka zauna a Kochi ba su fita daga inuwarsa ba.

Vasco da Gama, Baturen Fotugal, ya sauka kusa da Calicut a 1498, lokacin Rumfan da ka ambata yana kan gadon Kano, saura masa shekara guda a duniya. Masoro ya kawo shi. Cinikin masoro kuwa yana hannun Musulmi, Larabawa da 'yan ƙasa, su ke kai shi Jidda da Masar. A 1500 Cabral ya biyo baya da jirage, rigima ta kaure tsakaninsa da fataken Calicut, aka kashe masa mutane, shi ma ya yi wa garin ruwan igwa ya gangaro Kochi. Sarkin Kochi ya karɓe shi hannu bibbiyu, don ya ga wanda zai raba shi da ubangidansa. Samudiri bai kyale ba. A 1503 ya kawo yaƙi ya kori sarkin daga garinsa, sai a tsibirin Vypin ya fake, jiragen Fotugal suka zo suka mayar da shi kan gado. Tukwicin da suka karɓa shi ne izinin gina ganuwa a bakin ruwa, suka sa mata sunan sarkinsu Manuel. Daga ita sunan Fort Kochi ya samo asali. An gudu ba a tsira ba ke nan: ya fita hannun Samudiri, ya faɗa hannun da ya fi shi tauri.

Gidan da ka gani kyautar ban-haƙuri ce. Mutanen Fotugal sun washe wani wurin bautar Hindu a kusa, ran sarki ya ɓaci, suka gina masa wannan don a binne magana ciniki ya ci gaba. Sai dai ka lura, kuɗin nasu ne amma fasalin na gida ne. Nalukettu suke ce masa, sassa huɗu kewaye da tsakar gida, a tsakiyar kuma ɗakin bautar Pazhayannur Bhagavathi, wadda gidan sarautar ya ɗauka mai tsaronsa ce. Hannun Bature a ginin bai wuce bakan ƙofofi da yanayin tagogi ba.

Sunan Holan ya zo daga baya. Kamfanin kasuwancinsu, VOC, ya yi ta kawo hari har Fotugal ta miƙa wuya a Janairun 1663, shekara 160 bayan gina ganuwar. A cikin yaƙe-yaƙen an gwabza a harabar gidan nan, aka kashe sarkin da ke tare da Fotugal, Holan suka ɗauko nasu ɗan takarar daga wani ɗakin na gidan sarautar suka naɗa. Sannan suka gyara gidan. Sunan mai kwaskwarima ya bi gini, na wanda ya gina da na wanda ya zauna suka faɗi daga bakin mutane, ko da yake a takarda har gobe fadar Mattancherry ce. Kai da ka fito daga Kano ba sai an yi maka dogon bayani ba kan Baturen da ya ci gari ya naɗa ɗan gidan da zai iya aiki da shi. Ka tuna 1903.

Ingila ta karɓe daga Holan a 1795, yarjejeniyar 1814 ta tabbatar mata. Ita kuma ga yadda ta raba: Fort Kochi tana hannunta kai tsaye, Mattancherry da Ernakulam na sarki, 'yar gadar da ke kan magudanar Calvathy ce iyaka. Ka bi ta kanta a a-daidaita-sahu ba ka sani ba. Razdan kuma yana zaune a tsibirin Bolgatty, a gidan da Holan suka gina a 1744, wanda yanzu otal ne. Bariki da birni, in ka so. Lugard ɗin namu ma a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, ba daga sama ya tsinci dabarar mulki ta hannun sarakuna ba.

Tambayarka ta uku, e, akwai wani. Sarakunan sun koma Tripunithura, gabas da Ernakulam, inda aka gina Hill Palace a 1865, gine-gine 49 a fili sama da eka 50. Ka je. Su Litinin suke hutu, kada a maimaita ta ranar Juma'a.

Hajiyar Zongo ta rubuta:

Ɗana, sannu da jinya, a gaida Alhaji da jiki. Ni daga Kumasi nake, tsohuwar malamar makaranta ce, na kai yara Elmina, tsohuwar ganuwar Turawa a gaɓar tekun Ghana, ya fi a ƙirga. Ina karanta bayanin Malam ina cewa ai wannan layin na san shi. Fotugal ta gina Elmina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Mutum uku, jerin ɗaya, sai dai ku masoro suka je nema, mu zinariya, daga baya kuma mutane. Har akwai wani kwamandansu, Duarte Pacheco Pereira, da ya tare rundunar Samudiri a Kochi a 1504, daga baya aka turo shi ya riƙe Elmina. Ka ga hannu ɗaya ne ke jujjuya tukwanen biyu.

Batun baƙo ya gina wa sarki gida kuwa, kada ka yi saurin yi musu dariya, mu ma muna da shi a nan. Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, ta kama Prempeh na ɗaya a 1896 har ta kai shi tsibirin Seychelles. Da ya dawo a 1924, su ɗin dai suka gina masa gidan Manhyia a 1925. Bambancin kawai, Asante sun ƙi yarda sarkinsu ya shiga sai da suka biya kuɗin ginin, don kada gobe a yi musu gori.

Ina da tambaya biyu. Na ji an ce sarakunan Kerala ta wajen uwa suke gado kamar Asante, haka ne? Sannan mu a Elmina, a ƙarƙashin ɗakin gwamna ɗakunan bayi suke, duk wanda ya shiga ya ji warin wurin ba ya mantawa. Ku a can, ina bayin? Don ban taɓa jin inda Fotugal ta yi shekara 160 da hannunta kaɗai take ɗaukar dutse ba.

Malam Na Bakin Teku ya rubuta:

Hajiya barka da war haka. Haka ne, marumakkathayam suke kiransa. Ɗan sarki ba ya gadon sarki, 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yan 'yan'uwansa mata ke gado, kuma wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu shi ake naɗawa. Shi ya sa yawancinsu da furfura suke hawa, daga 1941 zuwa 1948 kaɗai sau huɗu aka yi naɗi. Mutumin da ya san ɗansa ba zai gaji gidan ba, kuma ya hau yana tsoho, ina ganin ba zai cika damuwa da marmara ba, amma wannan ra'ayina ne. Abin da mutanen garin ke alfahari da shi wani ne daban: sarki Rama Varma da ya sayar da 14 daga cikin kayan adon goshin giwaye 15 na zinariya da ke wurin bautar gidansu, aka shimfiɗa layin dogo daga Shoranur zuwa Ernakulam, jirgi ya iso a 1902. Masarautar ta haɗe da maƙwabciyarta Travancore a 1949, a 1956 aka yi jihar Kerala. Tambayarki ta biyu zan bar wa Mai Jinya, tunda yana can. Ɗan'uwa, in ka koma Mattancherry ka ce a kai ka Mangattumukku, ka tambayi Kappiri Muthappan.

Mai Jinya a Kerala ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na karanta wa Baba bayaninka tun daga farko, da na zo kan 1903 ya ce a maimaita masa. Hajiya, Baba yana amsawa, ya ce Asante sun yi dabara.

Na yi fita biyu tun bayan rubutuna. Hill Palace na fara zuwa, kuma a can na samu matakalata ɗari, don sai da na tsaya hutu kafin in kai sama. Shi ma ba marmara ba ne, farin gini ne mai baranda a kan tudu, ga barewa a killace a gefe. A wani ɗaki mai tsaro suka ajiye kambin zinariya da sarkin Fotugal ya aiko, kilo 1.75. Mai yi mana bayani ya ce sarakunan ba sa sa shi a ka, a cinya suke ɗora shi, saboda alwashin da kakanninsu suka ɗauka cewa ba mai sa kambi sai a asalin garinsu, Perumpadappu, wanda Samudiri ya ƙwace. Na tsaya ina kallonsa ta gilashi ina tunanin sarkin da zai zauna a fada rawaninsa a cinya, shekara da shekaru, har sarautar ta ƙare.

Fita ta biyu Fort Kochi na yi da ƙafa. Nan ne Turawan yawon buɗe ido suke, gidaje masu kaurin bango an mai da su otal da wurin shan kofi, ga manyan bishiyoyi sun rufe filin fareti, ga wata ƙofar katako da tambarin VOC da 1740 a samanta. Na shiga cocin St. Francis, wadda aka fara da katako a 1503 aka sake da dutse a 1516. A nan aka binne Vasco da Gama da ya mutu a Disambar 1524, bayan shekara 14 aka tone ƙasusuwan aka kai ƙasar Fotugal, amma gurbin yana nan an kewaye shi. Kabarin da ba kowa ciki, mutane na layi suna ɗaukar hoto. Abin da ya ba ni dariya a sama yake. Wasu dogayen ƙyallaye ne a jikin katako, an rataye su a kan kujeru, igiya ta bi ta bango ta fita waje, inda wani bawan Allah zai zauna a rana yana ja don masu ibada su sha iska. Na tambayi sunan abin, aka ce panka. Na ce fanka? Aka ce e. Ashe daga nan kalmar ta biyo Bature har ta iso silin ɗinmu.

Wurin ibadar Yahudawa kuwa bango ɗaya ya raba shi da harabar gidan sarkin, shi ya ba su filin suka gina a 1568. Ƙasansa tayil ne shuɗi da fari na ƙasar Sin, zanen hannu. Mutanen sun koma Isra'ila kusan duka, unguwar ta zama ta masu sayar da kayan tarihi.

Yanzu Hajiya, ga amsarki. Mai a-daidaita-sahun da na samu wannan karon dattijo ne, da na ce Kappiri Muthappan sai ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya yi murmushi bai ce komai ba. Muka bi lunguna masu warin citta, muka wuce tsofaffin rumbunan masoro, ya tsaya a wata kwana. Na ce ina wurin? Ya nuna mini gefen titi. Wani ɗan gurbi ne kamar alkuki, a kan ɗan dakali, da ɗan rufi a kansa. Ba gunki, ba hoto. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, narkakken kyandir ya taru ya daskare, ga guntun taba sigari mai kauri an ajiye a gefe. Babura na wucewa, wata akuya na cin takarda a gindinsa.

Dattijon ya ce Fotugal ta kawo bayi baƙaƙe daga gabashin Afirka, su ke dako, su ke gini, su ke tuƙi. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne, da Holan ta ci su a 1663, masu dukiya suka rasa yadda za su gudu da ita, sai suka haƙa rami ko suka fasa bango suka zuba zinariyarsu, suka kashe bawa suka binne tare, wai kurwarsa ta yi gadi har su dawo. Ba su dawo ba. Mutanen unguwa suka ce kurwar na nan a bishiyoyi da bangaye, tana shan taba, tana nuna wa ɓatacce hanya, suka riƙa kunna mata kyandir, suna ajiye taba da giyar kwakwa. Muthappan kaka ke nan a yarensu. Kappiri kuwa, ai kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta. Kafiri ne. Fotugal ta tsinci kalmar a bakin Larabawan gaɓar gabashin Afirka, ta mai da ita sunan duk wani baƙar fata, ta kawo ta nan.

Ina tsaye sai ga wata tsohuwa da kyandir ɗinta. Ta kunna, ta juyo ta gan ni, baƙi dogo da farar hula a bakin wurin, ta ɗan ja da baya. Dattijon ya faɗa mata wata magana, suka kwashe da dariya, ni ma na yi don ban san abin da zan yi ba. A hanya ya ce ce mata ya yi jikan ne ya zo ziyara. Ni ba abin da ya haɗa ni da kunna wa kurwa kyandir, Allah ya tsare mu da shirka, kuma mutanen nan ba daga ƙasar Hausa aka kwaso su ba. Amma na fito daga cocin da duwatsun kaburburan Turawa ke jere a bango, kowanne da suna da shekara da tambarin gidansu, na wuce maƙabartar Holan ta 1724 da aka kewaye aka sa wa kwaɗo, sannan na zo na tarar da rabon waɗanda suka ɗauki duwatsun bai fi alkuki ba. Ban iya cin abincin dare ba ranar.

Abu Sumayya ya rubuta:

Malam Allah ya ba Baba lafiya. Ka yi haƙuri, ni gyara zan yi. Ka zaga coci, ka zaga wurin Yahudawa, ka je har wurin kurwa, ban ji ka ambaci masallaci ko ɗaya ba, alhali Musulmi sun riga Vasco da Gama zama a gaɓar nan da ɗaruruwan shekaru. Ba laifinka ba ne, takardar 'yan yawon buɗe ido ce haka, abin da Bature ya gina shi ne tarihi. A nan Kochangadi, kusa da inda ka tsaya, akwai Chembitta Palli, tsohon masallaci mai rufin tagulla, ginin katako irin na gidan sarkin, ba ƙubba. In kuma ka samu wuni guda ka tafi Kodungallur, arewa da Kochi, ka ga masallacin Cheraman da suke cewa shi ne na farko a Indiya, suna danganta shi da shekarar 629. Ka kuma tambayi labarin Kunjali Marakkar, sarakunan yaƙin ruwa na Samudiri, Musulmi huɗu a jere da suka hana Fotugal barci kusan ƙarni guda, har aka kama na huɗun aka kashe shi a Goa a 1600. Shafi'awa ne mutanen, za ka ji suna ƙunuti da asuba bayan ruku'u, da ƙarfi, kada ka ɗauka liman ya yi mantuwa.

Mai Jinya a Kerala ya rubuta:

Abu Sumayya gyaranka ya karɓu, kuma ƙunutin ya riga ya kama ni tun satin farko, na kai goshi ƙasa jama'a na tsaye. Chembitta Palli in sha Allah jibi, in yi azahar a can. Kodungallur sai na ga yadda aljihu ya yi, don jiya na koma shagon ɗan'uwan mai a-daidaita-sahun nan da ƙafata na sayi masoro kilo biyu, Hajiyarmu ta yi waya ta ce kada in dawo mata hannu rabbana.

Wata sabuwa kuma. Baban da ya yi mini dariyar labarin daɓe, yau da safe ya ce shi fa sai ya je ya shafa shi da hannunsa kafin mu tafi, wai bai yarda farin ƙwai zai yi shekara ɗaruruwa ana taka shi ba. Ran Laraba mai gashin zai gwada shi a matakala. Malam Na Bakin Teku, kai da ka hau ta sau da yawa, matakalar gidan nan guda nawa ce, kuma akwai abin dafawa ta gefen dama? Ni ban ƙirga ba.